Gayyar Tafkin Kutemeshi

Har yau ba wanda zai rantse maka ga wanda ya kawo kainuwar Ikko tafkin Kutemeshi. Wasu sun ce wani direban babbar mota ne ya ɗauko ta daga Kudu a bokiti don furenta ya burge matarsa, ita kuwa da ta gaji da ita ta watsar a rafi. Ko ma wane ne, bai kyauta ba. Cikin damina uku ta rufe tafkin ruf, har akuya kan ɗauka fili ne ta taka ta nutse.

Ba wanda abin ya ci wa tuwo a ƙwarya kamar Mainasara. Lambunsa na bakin tafkin, albasa da tattasai, kuma da shi gidansa ke cin abinci duk rani. Tun da kainuwar ta zo take zuƙe ruwan, kafin albasa ta yi kai tafki ya koma taɓo. Sau biyu aka yi gayya aka sare ta, sau biyu ta dawo kamar an zuba mata taki. Labaran, ɗansa ɗaya da ya rage a gida, ya riga ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye, in ranin bana ma haka ne, zai kwashi matarsa da yaransa su tafi Kaduna neman leburanci. Tun ranar tuwo ya daina yi wa Mainasara daɗi.

Farkon damina sai ga Malam Andrawus, malamin gona daga Birnin Gwari, a kan babur da gwangwanaye huɗu ɗaure a baya. A bakin tafki ya buɗe ɗaya. Mainasara ya leƙa, ya ja da baya, ya tofar da yawu. Ƙwari ne baƙaƙe masu dogon baki suna hawa kan juna. Mutumin da ya shekara arba'in yana yaƙar irinsu a rumbu da toka da barkono, yau shi ake kawo wa su a gwangwani kamar tsaraba.

"Malam, ai wannan ƙwaron hatsi ne," in ji shi. "Kainuwa ba ta ishe mu ba, sai ka ƙaro mana wata masifar?"

"Ɗan'uwansa ne, Baba, amma wannan ko ka kulle shi a rumbu yunwa ce za ta kashe shi. Kainuwa kaɗai yake ci. Wata bakwai ana kiwon su kafin a ba mu waɗannan."

Ya juye su a kusurwar tafkin da ke gefen lambun. Ya duba agogo, ya dubi hadarin da ke haɗuwa ta wajen Damari, ya ce a bar su su yi aikinsu, zai dawo bayan sati uku ya yi cikakken bayani. Haka ma'aikata suke, rabin magana a baki, ƙafa ɗaya a kan babur. Bayan kwana tara ruwa ya cinye gadar cikin daji, aka yi wata huɗu ba a ga ko ƙurarsa ba.

Ƙwarin kuwa sun ɓace. Mainasara ya yi ta duba ganye da rana tsaka bai ga ko ɗaya ba, sai 'yan zane-zane a jikin ganyen, ya ce ko dai sun mutu ko sun gudu, dama bai sa rai ba. Sai kusurwar nan ta fara canja launi. Kore ya koma ruwan ƙasa, ganye ya yi laushi ya kwanta, wani wari ya taso irin na rijiyar da ɓera ya mutu a ciki. Mata suka koma toshe hanci da gefen mayafi in sun zo ɗiban ruwa.

Wata safiya Mainasara ya shiga har gwiwa ya fizgo ɗaya. Ta zo masa a hannu ba gardama, tana yauƙi. Ya tsaga karan da farce, sai ga tsutsa fara, ƙatuwa, tana murɗawa cikin baƙin ruɓa. Ya tsaga wani, biyu ne a ciki. Ya yi amai nan bakin ruwa, ya wanke hannu da ƙasa har sau uku, duk da haka bai iya cin abincin rana ba.

Lissafinsa lissafin manomi ne, kuma ba wawa ba ne. In dawa ta kamu da ciwo, ba a zuba mata ido, tumɓuke ta ake yi a ƙone tun bai bazu ba. Kainuwa mai rai aƙalla ba ta wari. In wannan ruɓar ta mamaye tafki duka, da wane ruwa za a yi alwala, balle a shayar da albasa? Ya je wurin mai gari ya faɗi abin da ya gani, ya ɗauki nauyin kunun gayya daga aljihunsa.

Ran Asabar gari ya fito da manjagara da kwanduna. Ba a taɓa gayya mai sauƙi irin wannan ba, don ruɓaɓɓiyar ba ta da ƙarfin riƙe 'yar'uwarta. Mainasara ya tsaya a kansu, ya ce kar a bar ko ɗaya mai tabo. Suka tsince ta tas, suka baza a kan dutse kwana biyar, kaji suka yi ta walima, sannan aka haɗa da kara aka cinna wuta. Tsutsotsin da suka rage suna fashewa ɗaya-ɗaya, hayaƙin na ƙarni. A karon farko cikin shekara uku aka ga sararin ruwa kamar faɗin masussuka, har Labaran ya yi wa ubansa murmushi.

Sati uku bayan nan Malam Andrawus ya iso, an gyara gada. Mainasara ya tarye shi da fara'a, ya ja shi bakin tafki tare da Labaran, ya ba shi labari tiryan-tiryan. Sararin nan ya riga ya ragu da rabi, sabuwar kainuwa kore shar tana shigowa ta ko'ina.

Andrawus ya tsuguna a kan tokar, ya ɗebi kaɗan ya murza a hannu.

"Baba, tsutsar nan 'ya'yan ƙwarin ne. Ita uwar, ganye kawai take karta, da rana kuma ɓuya take yi. 'Ya'yan ne ke cin karan daga ciki har ta ruɓe ta nutse. Warin da kuka ji, aikin ne ya kama."

"Ba ka faɗa ba, Malam."

"Ban faɗa ba," in ji shi, kansa a ƙasa. Ya shiga ruwa ya yi ta tsaga kara, ɗaya bayan ɗaya, har ashirin da wani abu. Duk lafiyayyu ne, fari tas. Gayyar ta yi kyau ƙwarai.

"To a kawo wasu mana," in ji Mainasara, muryarsa ta sauka.

"Su ke nan aka ba mu. Sai an sake kiwo, kuma akwai garuruwa a gabanku. In an yi sa'a baɗi, in ba haka ba sai wadda ta bi ta."

Mainasara ya dubi hannayensa. Ƙyamar da ya ji ranar da ya tsaga karan nan ba komai ba ce a kan wadda ya ji yanzu, kuma wannan ba ta wankuwa da ƙasa.

Labaran ya gyara tsayuwa. Bai dubi ubansa ba.

"Malam, wace rana motar Kaduna ke wucewa yanzu?"

"Talata da Juma'a," in ji Andrawus.