Mai Riƙon Tocila

Shekara arba'in da aurenmu da Dobrivoje, mai gyara bai taɓa taka gidanmu ba. Injin wanki, murhu, rufi, wayar lantarki, duk shi ne. Matan ƙauyenmu har ƙyashi suke yi. "Stamena, ke kam kin dace da miji," in ji su. Ba su san rabona a duk aikin nan bai wuce riƙon tocila ba. In na leƙa in ga abin da yake yi, sai ya ce, "Haska nan, tsohuwa, ba can ba. Tambayar me kike yi? Ba ga ni ba?"

Shi ya ɗora mana bene da hannunsa, har da banɗaki mai tayil, don ɗanmu Nenad ya zauna da iyalinsa. Nenad ya tafi Jamus ya bar mu da bene a kulle, kamar rabin gidajen layinmu.

Bara da kaka shanyewar ɓarin jiki ta kama Dobrivoje, ta ɗauke masa magana da hannun dama. Nenad ya zo, ya zagaya gidan da tuni muka mai da sunansa a kai, ya ce, "Mama, wurin nan ya fi ƙarfinki. In kin fita hunturun nan lafiya, shi ke nan. In wani abu ya lalace, sayarwa zan yi. Baba ya tafi gidan tsofaffi, ke ki dawo wurinmu."

Na ji tsoro. Ba a taɓa raba ni da mutumin nan ba.

Kafin ƙanƙara ta sauka kowa yakan kashe ruwan benen da ba kowa a ciki, don kada ya daskare ya fasa bututu. Na shiga ramin mitar ruwa da ciwon gwiwata, na murɗe makunnin, na lulluɓe shi da tsofaffin riguna, na hau sama na buɗe kawunan famfo har suka daina ɗiga. Na dawo ina ji da kaina, na ba Dobrivoje labari. Sai ya shiga ɗaga hannun hagu yana saukewa, yana nuna silin.

"Giyar nan taka ta gargajiya kake so? Likita ya hana."

Ya girgiza kai.

"Bargo?"

Ya bugi kujera. Haka ya yi ta yi har hunturu ya kama sosai, ni kuma na gaji na daina kula shi.

Sanyi ya wuce, ko ɗigo ban gani ba. Ana gobe Nenad zai iso bikin Ista na buɗe ruwan bene don su yi wanka, na tafi kasuwa sayo ƙwai. Na dawo na tarar silin ɗin falo a ƙasa, ruwa har idon sawu, Dobrivoje na zaune a tsakiya sharkaf.

Mai gyaran da Nenad ya kira ya fasa bangon banɗakin bene ya duba. "Wanda ya yi aikin nan gwani ne," in ji shi. "Sai dai bututun ya lanƙwasa a nan, ruwa na kwanciya. In ba a hura shi da iska ba, ƙanƙara za ta tsaga shi." Ya leƙa bayan ƙofa ya jawo famfon keke da guntun tiyo ɗaure a bakinsa. "Ga ma abin da yake hurawa da shi. Ba ki sani ba, Inna?"

Na san famfon. Duk shekara ina ganin sa yana hawa da shi, ni ina biye da tocila, ya bar ni a bakin ƙofa.

Nenad ya cika maganarsa. Ranar da motar gidan tsofaffi ta zo na ajiye wa Dobrivoje famfon a cinya. Ya kama shi da hannun hagu yana hawaye. Na so in ji tausayinsa, haushi ya hana ni.

"Tun kana da lafiya, minti ɗaya ya isa ka nuna mini," na ce. "Ka ce ga ka. To, ga ka ɗin."

Suka ɗaga shi da kujerarsa suka sa a mota.