Maganin Malama Na Biyu

"Wanne ta sha? Farin ko shuɗin?"

Mai kitso ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta duk man gashi. 'Yar Malama ce ke tambaya, kwalayen magani biyu a hannunta. Malama, tsohuwar malamar makaranta wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da na mai kitso, tana kwance a doguwar kujera, tana jan numfashi kamar mai hawan tudu da kaya.

"Shuɗin," in ji mai kitso. "Ai likita ya ɗauke ta daga farin tuntuni."

Ta sani, don ita ma ciwon damuwa ya kama ta bayan haihuwar autanta, layi ɗaya suke bi da Malama a asibiti. Ta saman katanga suke gwada magungunansu kamar masu gwada zani.

"Naki yana sa barci?" Malama takan tambaya.

"Kamar an danne ni da buhun siminti, Inna."

Farin ya ɗage wa Malama nauyin da ya zauna mata a ƙirji tun rasuwar mijinta, amma ya busar mata da baki, ya sa ta jiri, zuciyarta ta riƙa dukan ganga. Likita ya auna ta, ya canza mata. Shuɗin kuwa tafiyar hawainiya yake, da tashin zuciya ya fara gaishe ta.

"Sai da na ce a bar ta a kan mai ƙarfin!" 'yar ta faɗa cikin kuka.

"Yaya, kowa da wanda jikinsa ya karɓa," in ji mai kitso. "Kama ƙafafunta, mu tafi."

Direban da ke haya a gidan gaba ya matso da mota har ƙofa. Mai kitso ta ɗora kan Malama a cinyarta. Go-sulo ya tare su a mahaɗar titi, direba yana ta danna hon, rana tana dukan gilashi. Malama ta buɗe ido.

"Kin bar matar mutane da rabin kai," ta ce a hankali, har da ɗan murmushi.

Ba ta sake magana ba.

A asibiti likita ya ce ta riga ta cika, zuciyar ta daɗe da gajiya. 'Yar ta riƙe hannun mai kitso gam.

"Da an bar ta a kan farin fa? Ko da ba ta sha ko ɗaya ba?"

Mai kitso ta buɗe jakarta. Nata maganin yana ciki, lokacin shansa ya wuce. Ta daɗe tana juya ƙwayar a tafin hannu kafin ta nemi ruwa ta haɗiye.

Da yamma ta shiga gidan Malama ta share tsakar gida saboda masu gaisuwa. A kan igiya ta tarar da rigunan mijin, waɗanda Malama ta kasa ko taɓawa tun da ya rasu. Da safen nan Malama ta wanke su. Wuyan ɗaya bai gama bushewa ba.