Gulbin da Alhaji Kalla Ya Sani

Mu Hausawan Abijan, in dai zancen gida ake yi, babu wanda ya kai mu sani. Alhaji Kalla, dillalin albasa a Ajame, rabonsa da ƙauyensu na wajen Madawa shekara ashirin da shida ke nan, amma in ka ji yana ba da labarin gulbin garin, sai ka rantse yau da safe ya yi wanka a ciki.

Gulbin nan kuwa ya addabi mutane. Da damina ya rushe gidaje, da rani ya ƙafe ya bar manoman albasa suna kallon sama. Sai ƙungiyar 'yan garin mazauna Abijan ta yanke shawarar gina baraji, wato madatsar ruwa, ya tare ambaliya, ya kuma ajiye ruwan noman rani. An samu injiniya. Saura a zaɓi mutum guda da zai raka shi gida ya nuna masa wurin. Kalla ya ƙwallafa rai a kan tafiyar nan, kuma ba don barajin kaɗai ba. So yake a shaida har yanzu shi ɗan gari ne.

Ran Lahadi ya ɗora buhun yashi a tasin woro-woro, direba na ta tsaki, ya tsallaka gada zuwa Tireshbil, gidan Gwadabe shugaban ƙungiya a unguwar Biyafara. A tsakar gida ya naɗe babbar riga, ya durƙusa ya gina garinsu gaban dattawa. Kwalin ashana ne masallaci, ɓawon albasa gonaki. Gulbi kuwa da yatsa ya ja shi. Ya kafa tsinke, ya ajiye rabin bulo a gabansa.

"Ga tsamiyar gonarmu, nan gulbi ke lanƙwasa. Nan za a sa baraji, magana ta ƙare."

Ya tuttula ruwan buta. Ruwa ya gangaro ya tsaya cak a bayan bulo, ko ɗigo bai taɓa masallaci ba. Dattawa suka ɗau kabbara, su da rabonsu da gida tun suna da baƙin gashi. Kan Kalla ya kumbura har hula ta nemi ta yi masa kaɗan.

"Bon, a kira gida su gani da idonsu," in ji Gwadabe.

Kalla da kansa ya kira yayarsa Haulatu ta bidiyo, ya haska mata yashin.

"Yaya, kin ga aiki?"

Ta daɗe tana ƙura ido. "Kalla, wannan wane gari ne?"

"Namu mana! Ga gulbi, ga tsamiya."

"Ai gulbi ya bar nan shekara sha tara. Ya sake hanya, ta bayan kasuwa yake bi, shi ya sa yake cinye mu. Tun da wurin ya bushe, gindin tsamiya ya zama maƙabarta. Baba na nan, Inna na nan. Daidai inda ka tara ruwanka."

Kunya ta rufe Kalla, baƙin ciki ya biyo baya. Rasuwar nan biyu duk ta waya ya ji su. Ya kafa rumfa a Ajame, ya karɓi gaisuwa kwana uku-uku, an ci shinkafa an yaba masa, amma bai taɓa tambayar inda aka kwantar da su ba.

Gwadabe ya yi gyaran murya. "To Alhaji, tafiyar fa? Ko mu nemi wani?"

Kalla ya dubi sauran masanan. Kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Dariya ta kuɓuce masa, ido cike da ƙwalla.

"Wa za ku nema? Ai duk kun yi kabbara."

Ya matso da wayar kusa da fuskarsa.

"Yaya, ina tafe. Ki sa a tare mu a tasha, ni da injiniya. Baƙi biyu za ki yi."