Ruwan ko Ƙwayar

Tun da Hansai ta baro Ƙarfi ta zo Funtua neman maganin ido, autarta Bushra ta hana ta ɗaga ko tsinke. Ta ɗauki tsintsiya a karɓe, ta nufi murhu a ce hayaƙi. Mace da ta yi rayuwarta tsakanin gona da turmi, yanzu sai zaman tabarma! Abin yana cin ta ƙwarai, ba ta da burin da ya wuce a sa ta aiki ta nuna ba ta ƙare ba.

Ranar nan sai Allah ya kawo. Bushra sana'ar kek take yi, kuma wata Hajiya Najiba ta aiko da wasu 'ya'yan itace da ta yo tsaraba daga ƙasar waje, ta ce da su take so a yi mata na walima. Ga su nan kamar gurjiya, da jar fata a manne. Bushra ta zuba su a tukunya, ta barbaɗa wani farin gari da ta ce kanwar Turawa ce, ta ɗora a wuta. Can ta tuna babu ƙwai.

"Inna, don Allah in ya tafasa ki sauke ki tace mini. Su ke nan fa, ba a samunsu a kasuwarmu."

"Jeki abinki, Auta. Tacewa kuma har wani aiki ce?"

Ko minti nawa aka yi oho, tukunya ta taso da kumfa. Hansai ta leƙa, ta ja da baya tana salati. Ruwan ya rine, ja ya koma baƙi wuluk. Ta sauke, ta juye a rariya, ta tari ruwan a kwano. Sai kuma ta yi tsaye da abu biyu a gabanta. To, wanne ake so?

Ita dai a saninta, in aka ce tace, ruwa ake nufi. Zoɓo ruwansa ake sha, tsamiya haka, sassaƙen magani ma haka. Amma kuma wake in an dafa shi da kanwa, ai ƙwayar ake ci. Ta taɓa ɗaya, fatar ta saluɓe, ƙwayar ta fito fara fat. Ta jefa a baki ta tauna, ta ji salam, har da ɗan ɗanɗanon sabulu. Af! Wannan ai an tsotse mata amfani. Ta sake duban ruwan. Ba ita ta ga wani kek ɗin Bushra baƙi ƙirin ba? Ashe da wannan ake rina shi! Ta ɗan yi jim, zuciyarta na cewa ta jira yarinyar. Amma a dawo a tarar da ita ta kasa tacewa? Haba, abin kunya.

Ta sake tace ruwan da ƙyalle mai tsabta har ya zama babu ko ɗigon tsaki, ta rufe da faifai. Ƙwayar kuwa, tun da zubar da abinci ba kyau, ta kai wa awaki a bayan ɗaki. Suka yi mata caa.

Bushra na shigowa Hansai ta ɗaga faifai.

"Ga shi nan, sau biyu na tace."

"Sannu, Inna. Ina 'ya'yan?"

"Dusar? Ai na ba awaki."

Bushra ta dubi kwanon. Ta ajiye ƙwan a hankali.

"Kin kyauta, Inna," in ji ta, ta ɗauki kwanon da hannu biyu ta kai ɗaki.

Hansai ta koma tabarma ranta fes. Amma da shirun ya yi yawa sai ta tashi ta zagaya. Idon nata bai gani sosai, duk da haka ta gane 'yarta ce durƙushe a gaban robar awaki, tana laluben ƙasa, waya a kunne, tana cewa, "Wallahi Hajiya laifina ne, ni na yi sakaci. Ki yi haƙuri a yi da gyaɗa."

Hansai ta ja da baya. Ta lallaɓa ta koma kafin a gan ta.

An jima Bushra ta fito da soyayyar gyaɗa a tire, fuskarta a sake kamar ba abin da ya faru.

"Inna, taimaka ki murje mini wannan, ke ce gwanarta."

Hansai ta karɓa. Hannun ya san aikinsa, ta murza, ta fece, jan ɓawo ya taru gefe guda, farar gyaɗa gefe guda. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ɗago, murya ƙasa-ƙasa.

"Auta, wanne zan zubar?"