Keken Guragu Don Yaro Mai Gudu

Malama Saudatu ce ke riƙe da ajin ƙananan yara a wata makarantar kuɗi da ke Ƙofar Marusa. A cikin yaran nata akwai Salihu, ɗan shekara huɗu, wanda ba ya kallon idon mutum, ba ya amsa gaisuwa, kuma da an tayar da janareta sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin tebur. Amma in aka ba shi murafen kwalabe, zai jera su launi-launi, ko ɗaya ba zai kauce ba.

Wata safiya mahaifiyarsa Hauwa'u ta zo idanunta jajir. Ta ce sun ga likitar yara, an ce abin da ke damunsa sunansa otizim, kuma nasa mai sauƙi ne. Ba hauka ba ne, ba aljanu ba. Hayaniya ce ke yi masa yawa, magana kuma tana zo masa a hankali.

Mai makarantar, Hajiya Sabuwa, ta saurara tana taɓe baki. Hauwa'u na fita ta ce, "Malama, ni ban buɗe makaranta don taɓaɓɓu ba. In iyaye suka ji, kwashe ɗiyansu za su yi."

"Hajiya, ki bar mini shi zangon nan kawai," in ji Saudatu. "In ya dami wani, ni ce."

Da ƙyar ta yarda. Saudatu ta shimfiɗa masa tabarma a lungun da ya fi nisa da janareta. Ta yanka kwali ta zana kofi, buta da kwano, in yana son abu sai ya nuna. Kafin a canza darasi takan durƙusa kusa da shi ta ce, "Salihu, yanzu waƙa, bayan waƙa abinci." Ba ta jan hannunsa, sai dai ta miƙa nata ta jira. Ranar da ya ajiye kwalin ya ce "ruwa" da bakinsa, fita ta yi bayan aji ta share hawaye. Da ta kai wa Hajiya labari, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Lokacin an daɗe da mayar da sojoji bariki, zaɓe kuma ya sake matsowa, ko'ina fastoci. Matar wani mai neman kujerar majalisa ta kafa gidauniyar taimakon yara masu naƙasa, tana zagaya makarantu da masu ɗaukar hoto. Sai ga Hajiya Sabuwa a ƙofar aji tana washe baki.

"Ina ɗan nawa? Ina Salihuna?"

Saudatu ta bi ta da kallo. Matar da ba ta taɓa kiran sunan yaron ba, kullum sai dai "wancan naki".

"Ranar Alhamis muna da baƙuwa," Hajiya ta ce. "A sa mashi kaya masu kyau. Shi za mu fito da shi."

"Hajiya, ba ya jure taro. An faɗa wa uwarsa kuwa?"

"Uwarsa mi? Alheri za a yi ma ɗanta."

Ranar Alhamis aka kafa rumfa, aka jona lasifika biyu, maroƙi ya kama kirari tun kafin motoci su tsaya. Salihu na jin ƙarar ya shige ƙarƙashin tebur. Saudatu ta zauna a ƙasa kusa da shi tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, har ya fara sakin kunnensa. Nan Hajiya ta faɗo ajin tana tura sabon keken guragu, ledarsa ma ba a cire ba.

"Ɗora shi."

"A kan mi? Hajiya, yaron nan ya fi kowa gudu a ajin nan!"

"Su abin da suka kawo ke nan. In aka gan shi tsaye garau, wa zai yarda da lalura gare shi? Hoto ne kawai."

Saudatu ta girgiza kai. "Wallahi ba da hannuna ba," ta ce.

Hajiya ba ta tsaya ba. Ta sunkuya ta fizgo yaron, ta danna shi cikin keken, ta tura shi waje. Saudatu ta bi su da gudu, amma 'yan rakiyar baƙuwa suka tare hanya.

Daga inda take tana hango komai. Salihu na ƙwala ihu yana buga kansa da majinginar keken, maroƙi na ƙara murya don ya rufe kukan. Baƙuwar ta duƙo da gwala-gwalanta, ta dafa kansa, ta juya fuska wajen kyamara tana murmushi. Hajiya ta karɓi abin magana tana cewa ita ta rungumi yaron nan lokacin da kowa ya ƙi shi, har da share ido da gefen gyale. Mutane suka tafa. Fitsari ya biyo ƙafar Salihu ya ɗiga kusa da takalmin baƙuwar. Ta ja da baya, ta ciro hankici ta goge tafin hannunta, yatsa bayan yatsa, ta miƙa wa wata ta yar.

Saudatu ta ture wanda ya tare ta. Ta je gaban keken ta durƙusa, ta ce, "Salihu, yanzu gida." Ya diro da kansa ya ƙanƙame ta. Mai hoto ya ce, "Malama, kin shiga hoto!" Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Ta wanke shi, ta ɗaura masa gyalenta, ta goya shi har gidansu. Ta faɗa wa Hauwa'u komai, ba ta rage ba. Hauwa'u na saurare tana shafa ƙullutun da ya fito a ƙeyarsa.

Washegari Hajiya ta tare Saudatu da turmin atamfa mai hoton ɗan takara. "Ga rabonki. Kin so ki kunyata ni, amma na yafe. 'Yan talabijin ba su samu zuwa ba, Asabar za a sake. Ki lallaɓa uwar."

"Uwar ta cire shi daga makarantar, Hajiya. Ki riƙe atamfarki."

Saudatu ta ƙarasa zangon saboda sauran yaran, sannan ta ajiye aikin. Kullum bayan la'asar takan bi ta gidan su Salihu. Makonni suka wuce bai furta komai ba, ko ƙarar babur ya ji sai ya ruga ɗaki. Hauwa'u ta fara tara mata yaran maƙwabta a zaure, Saudatu na koyar da su ba tsawa. Kafin damina ta faɗi, Salihu ya soma fitowa yana zama a bakin ƙofa, yana bin waƙarsu da leɓe.