Ticha Bai Koma Kumasi Ba

"Ku ɗaga ƙafafun, kada su ja ƙasa!" in ji Susanna, tana tallafe da kan Ticha Boateng.

Baba Oluwole direba ya kama ƙugu, matan gidan hayar suka kama ƙafafu, aka fito da shi inuwar durumin tsakar gida, domin ɗakinsa ya koma kamar murhu. Bazara ce, ga tiransifomar layinsu a Sabon Gari ta ƙone tun kafin Ista, ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarta.

Mutum yana numfashi da ƙyar, amma bakinsa bai mutu ba.

"A Ghana," ya ce, "fanka ba ta tsayawa."

"To, an fara," in ji Baba Oluwole. "Ghanar da ka gudo daga cikinta don babu sabulun wanka?"

"Wancan zamani ne. Yanzu kati ake ba tsoho, ya je asibiti a duba shi. Ba a cewa ya sayo allura da safar hannu."

"Ka gani da idonka?"

"Na ji a rediyo."

Wannan gardama ta girmi yaran gidan. Ticha ya zo Zariya yana saurayi, lokacin da naira ke da daraja, ya yi ta koyar da lissafi a makarantun Samaru. Da aka kori 'yan Ghana, wani manomi ya ɓoye shi a Bomo har ƙura ta lafa. Bai yi aure ba, bai kuma taɓa komawa Ghana ba. Kowace shekara sai ya ce bana kam zai tafi, kowace shekara kuma Kirsimeti a tsakar gidan nan take samunsa. Shi ya zauna da Ƙauna, 'yar Susanna, yana koya mata lissafi kyauta bayan rasuwar mahaifinta, har ta shiga jami'a. Shi ya sa da ciwon zuciya ya kwantar da shi, Susanna ta rage zuwa unguwar PZ inda take sayar da abinci.

Da mutane suka watse, ya kamo bakin zanenta.

"Maman Ƙauna, idan na tafi, kada ki bari a binne ni a nan. Mu ba ma gaggawa. A ajiye ni a firiji, ƙanena zai zo ya kai ni Kumasi."

"Haba Ticha, wane irin zance ne wannan?"

"Ki ce mini to."

Ta ce to. Me za ta ce wa mutumin da ke kallonta haka?

Washegari da hantsi ta kawo masa koko, ta tarar ya riga ya tafi, gilashinsa na kan ƙirji. Baba Oluwole ya cire kujerun bayan motarsa aka kai shi ɗakin ajiye gawa na wani asibiti. Daga nan ya ba ta wayarsa ta kira ƙanen. Mutumin ya yi kuka sosai, sannan ya yi magana da Hausarsa irin ta zangon Ghana.

"Ku sa shi a sanyi, Mama. Dangi za su zauna. Sai an gyara rufin gida, an yi fenti, an ɗinka kayan makoki. Bayan damina za mu zo."

Bayan damina! Susanna ta dubi sama, ko gajimare ɗaya babu.

Ba a yi nisa ba mai gadin ɗakin gawar ya aiko ta zo. Ta same shi a bakin ƙofa, ya ɗaure hancinsa da hankici.

"Mama, an shiga yajin aiki. Mai yi wa gawarwaki allurar ajiya ya tafi, janareta ba mai. Kowa na zuwa yana ɗaukar nasa."

"Ɗana, ka taimake ni. Alkawari na yi."

"Idan kin samo ƙanƙara, zan jera masa. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Ƙanƙara kuwa a garin da ba wuta sai an yi cigiya. Aka ce mata akwai wata mata a Samaru mai babban injin ƙanƙara. Ta hau bas ta je, ta sayo, ta naɗe a buhu ta ɗora a cinya. Kafin a wuce Kwangila zanenta ya jiƙe sharkaf, fasinjoji na ɗaga ƙafa suna tsaki. Abin da ya isa asibiti bai fi kan jariri ba. Ta koma washegari, ta kuma komawa. A zuwa na ƙarshe mai gadin bai karɓi buhun ba, ya ce mata gawar ta riga ta fara lalacewa.

Ta sake kiran Kumasi.

"Ba zai jira ba. Ku zo yanzu, don Allah. Kullum yana cewa a wurinku komai na tafiya daidai."

Mutumin ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Shi ya ce haka? Mu nan cewa muke shi ne ya huta, yana ƙasar mai. Mama, ni manomin koko ne. Ko Ankara, babban birninmu, ban taɓa zuwa ba."

Susanna ta miƙa wa Baba Oluwole wayarsa, ta zauna a kan dakali ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun mutuwar mijinta. Ba ta ga laifin kowa ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Da la'asar aka kai shi maƙabartar Kirista, da Fada da mutanen gidan da wasu tsofaffin ɗalibansa. Ana shirin saukar da akwatin ta ɗaga hannu.

"Ku tsaya. Ina ne wajen Ghana? A juya kansa can."

Aka dubi juna. Wani ɗalibi ya nuna yamma. Baba Oluwole, wanda ya yi tuƙi har Legas, ya ce a'a, sai an ɗan karkata kudu. Mai haƙan kabarin ya jingina da shebur ya ce ramin dai ga yadda yake, a layi ɗaya da na sauran, kuma akwati ba zai shiga ta wata fuska ba.

Aka saukar da shi yadda ramin ya ba da dama. Suna tura ƙasa, Susanna ta juya musu baya ta tsaya tana kallon tsakanin inda ɗalibin ya nuna da inda Baba Oluwole ya nuna. Babu komai a wajen sai layin dogo, da wata akuya kwance a tsakiyarsa tana tuƙa.