Shafi Arba'in da Biyu a Fayil Ɗaya

Ranar da mutanen Karakkai suka rushe makewayin sabuwar makarantarsu, Alhaji Arzika ya shigo ofishinsa na zanen gine-gine a Gusau ko sallama bai yi ba. An gina makewayin yana fuskantar alƙibla, liman ya ce ba ɗan da zai tsuguna a ciki, mutanen gari kuwa ba su jira kowa ba.

"Takardu ne suka cakuɗe," in ji Malam Yusha'u, tsohon mai zanen ofishin, wanda shi ke zuwa ƙauyuka yana auno filaye. "Tun da aka kawo akwatin ga muke ganin abin da ba mu taɓa gani ba."

Akwatin da yake nufi kwamfuta ce, kuma Mannir kaɗai ke taɓa ta. Bara ya gama kwalejin foliteknik, aka ɗauke shi aiki saboda ita. Aikin da ke hannunsu makarantun firamare goma sha huɗu ne a Tsafe da Bungudu, kowace da zane shafi uku. Malam Yusha'u kan kawo zanen fili na fensir, Mannir ya shigar, sannan ya fitar da shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a faya-faye, direba ya kai Kaduna a buga su a manyan takardu. Fitarwar kaɗai kwana biyu take ci. Haka aka saba, kuma a ofishin nan in an ce haka aka saba, magana ta ƙare.

"Asabar Lukuman direba zai kai zanen duka Kaduna," in ji Alhaji. "In aka sake samun kuskure ko ɗaya, zan sayar da ita. Kai kuma, Mannir, ka san da ita ka zo."

Mannir bai ji tsoro ba, wani irin zumuɗi ne ya kama shi. Tun watanni yake cewa na'urar da ke iya zana gini ba za ta kasa jera takardunta da kanta ba, ana yi masa dariya. Ya ɗauko littafin manhajar, mai kaurin bulo, ya shiga rubuta mata umarni: ta buɗe shafin farko, ta buga sunan ƙauye da kibiyar gabas a kusurwa, ta ajiye, ta wuce na gaba, ta haɗa su duka a fayil ɗaya.

Ranar Laraba kwamfutar ta ƙi. Ta fitar da shafin farko sau arba'in da biyu.

"Ɗan boko, ta haddace darasin kuwa," in ji Malam Yusha'u yana feƙe fensir. "Sai ka ƙara mata na gaba."

Ranar Alhamis da hantsi aka ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji. Mannir ya fita da kansa ya ja janareto, ya dawo hannu duk baƙin mai, ya gyara layi ɗaya da ya gano ya manta, ya danna. Sunaye suka fara wucewa a ƙasan allo. Ɗaya. Biyu. Bakwai. Ya miƙe tsaye bai sani ba. Ashirin. Talatin da biyar. Da ta kai arba'in da biyu ta tsaya, ya buga tebur har fensiran Malam Yusha'u suka zube.

"Alhaji! Alhaji, zo ka gani! Wallahi ta yi!"

Alhaji ya fito da butar alwala a hannu. Mannir ya buɗe fayil ɗin, yana danna maɓalli shafuka na juyawa, kowane da sunansa, kowane a layinsa. Bakinsa ya ƙi rufuwa. "Minti shida, Alhaji! Aikin kwana biyu! Faifai ɗaya Lukuman zai riƙa, ba abin da zai cakuɗe!"

Yana cikin juyawa hannunsa ya tsaya. Ya koma baya. Ya sake zuwa gaba. Shafin filin Karakkai da na 'Yankuzo, in ban da suna, ba abin da ya motsa: hanya a wuri ɗaya, rijiya a wuri ɗaya, kibiya a wuri ɗaya. Mako uku ne tsakanin shigar da wancan da wannan, shi ya sa bai taɓa lura ba. Sai yau da suka zo kusa da juna.

"Malam," ya ce a hankali, "ƙauyuka biyu, ƙananan hukumomi biyu, rijiyarsu ɗaya?"

Malam Yusha'u ya sunkuya yana tsintar fensir. "Fili ai fili ne. Mi ya raba su?"

"Ka je 'Yankuzo?"

"Na je Tsafe."

"Karakkai fa?" Wannan Alhaji ne ya tambaya.

Nan ma bai je ba. Ashe ba takardun da suka cakuɗe. Zanen fili ɗaya tsohon ya kwafa, wanda ya auno a wani ƙauyen dabam, ya raba wa uku, don hanya ba kyau kuma ba wanda ya taɓa dubawa. Mannir ma bai duba ba, ya shigar da abin da aka miƙo masa kawai, kuma wannan ya fi ƙona masa rai.

Bai tsaya jin faɗan Alhaji ba. Ya ɗauki kamfas mai nuna gabas da igiyar awo ya hau babur. Kafin azahar yana 'Yankuzo, inda ya tarar da Jibo magini har ya kafa turaku bisa kwafin da aka ba shi tun farko.

"Tsaya, Baba Jibo! Kada ka haƙa!"

"Ni ma dai na ce ramin ga yana kallon masallaci," in ji Jibo, "amma aka ce takardar daga kwamfuta ta fito."

"Ƙarya aka ba ta, ita kuma ta maimaita."

Suka auna tare, dattawa biyu suka nuna musu inda suke fuskanta in za su yi salla, kamfas ya yarda da su. Washegari da sassafe ya yi Karakkai da ƙauye na ukun a Bungudu, ya dawo Gusau kafin a tafi masallacin Juma'a. Gyaran filayen bai kai awa ɗaya ba. Da a da ne, sai a sake kwana biyu ana fitar da shafuka, Asabar ta wuce. Ya danna, ya harɗe hannu yana murmushi, sunaye suna gudu.

Alhaji ya ja kujera ya zauna, ya ce a juya masa su ɗaya bayan ɗaya. Ya duba kibiya arba'in da biyu da yatsa a kan allo, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya gama ya karɓi faifan, ya jujjuya shi, ya sa a aljihun gaba.

"Ni zan kai da kaina," ya ce. "Akwai asibitoci takwas da na ƙi karɓa don ba mu da isassun ma'aikata. Litinin ka shirya, kai za ka fara zuwa ka ga filayen."